Yadda zaka gane Sharon tun kafin ta cinye maka tumatir

Duk wanda yake noman tumatir na rani a Kura ko Kadawa ko Ɗanja ko Hunƙuyi ya san sunan Sharon, har yara ma sun sani, amma in ka ce a nuna maka ita kanta uwar, wato ƙwaron da yake tashi ya zuba ƙwai, kaɗan ne zasu iya. Yawancinmu ɓarnarta muka sani, ganye ya ƙone, tumatir ya huje ya ruɓe, sai a ruga kasuwa a sayo magani, alhali a lokacin an riga an makara don ta yi jikoki a gonar. Shi yasa na ga gara in zauna in rubuta yadda ake gane ta daki-daki, daga danginta zuwa kamanninta zuwa inda ta fito da inda ta kai, sannan abin da zaka yi da hannunka a fangalinka.

Mataki na farko: ka san da wa kake faɗa

Sharon ba ciwo bane irin na ƙwayar cuta duk da a 2016 'yan jarida sun ta kiranta Ebolar tumatir. Ƙwaro ce, 'yar ƙaramar faɗa-wuta, irin waɗannan da suke taruwa a jikin fitila da dare. A tsarin masana tana cikin babban rukunin da ake kira Lepidoptera, nan ne malam-buɗe-littafi yake da duk wani mai fiffike mai gari-gari wanda in ka kama shi sai ya bar maka ƙura a yatsa, kuma rukunin nan ya haura iri 150,000. A cikinsa akwai gida-gida, ita gidansu sunansa Gelechiidae, ƙanana ne duka kuma yawancinsu tsutsarsu ɓoyewa take yi a cikin abin da take ci. Kuma wallahi ka san 'yan gidan ko baka san sunansu ba, wannan asun da yake tashi in an buɗe rumbu ko buhun dawa da masara da ya daɗe, Sitotroga cerealella, ɗan gidansu ne, jar tsutsar da take shiga ƙwallon auduga ma haka, sai kuma mai huda dankalin turawa wadda manoman Filato suke fama da ita, Phthorimaea operculella, wannan kam 'yar uwarta ce ta kusa sosai.

Sunan da zaka gani a jikin kwalbar magani ko takardar malaman gona shine Tuta absoluta. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Meyrick ne ya fara bayyana ta a 1917 daga samfurin da aka kamo a Huancayo, can kan tsaunukan ƙasar Peru, kuma a lokacin Phthorimaea absoluta ya sa mata. Daga baya masana suka yi ta canza mata gida, aka kira ta Gnorimoschema, aka kira ta Scrobipalpula, aka kira ta Scrobipalpuloides, sai a 1994 aka tsayar da Tuta, kuma a 2021 wasu masu bincike suka mayar da ita sunanta na farko. Amfanin sanin wannan a wurinka ɗaya ne kawai, in ka je sayen tarko ko magani ka ga an rubuta Tuta absoluta ko Phthorimaea absoluta toh abu ɗaya ne, amma in ka ga operculella ka ajiye, na dankali ne, ƙamshin da ake sawa a tarkon don kiran ƙwaron ba zai jawo taka yadda ya kamata ba.

Mataki na biyu: ka ga uwar da idonka

Da rana tsaka ba zaka gan ta tana yawo ba, tana laɓe a ƙarƙashin ganye ko a ƙasa gindin shuka. Ka shiga gona da sassafe bayan asuba ko dab da magariba, ka sa hannu ka girgiza shukar a hankali, in akwai ta zaka ga wasu ƙananan abubuwa masu ruwan toka sun tashi fir, basa nisa, taku ɗaya ko biyu sai su sake faɗawa cikin ganye. Ka bi ɗaya da ido har ta sauka, sannan ka kifa mata kofin roba mai haske ko farar leda.

Tsawonta milimita 5 zuwa 7 ne, kusan ƙwayar shinkafa ɗaya, in ta buɗe fiffike kuma wajen milimita 10. Launinta toka-toka ne da ɗan ruwan ƙasa, in haske ya buga sai ka ga tana ɗan ƙyalli, a kan fiffiken gaba akwai ɗige-ɗigen baƙi. In ta zauna naɗe fiffiken take yi a jikinta ta zama siririya, bata shimfiɗa shi. Gefen fiffiken baya yana da gashi-gashi siriri. Amma abin da ni nafi dogara da shi shine ƙahonnin nan biyu na kanta, dogaye ne sirara kamar zare kuma zobe-zobe ne, baƙi da fari baƙi da fari har ƙarshe, sannan a bakinta akwai wasu 'yan abubuwa biyu da suka lanƙwasa sama. Da ido kawai zai yi wuya ka ga wannan sai dai in idonka na yaro ne, toh ka ɗauki wayarka ka matso da kyamara ka ɗauki hoto sannan ka buɗa hoton da yatsa, ko ka sayi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, ba tsada.

Macen ta ɗan fi namijin kauri a ciki. Ita kanta uwar bata cin ganye bata huda tumatir, aikinta kawai barbara da zuba ƙwai, kuma mace ɗaya tana iya zuba har 260 a rayuwarta, nan matsalar take.

Mataki na uku: ƙwai da tsutsa, nan ne aikin yake

Anan nake so ka daɗe, don wanda ya iya karanta ganye ya gama rabin yaƙin. Ka je kan shukar, wato sabon toho da ganyayen sama masu taushi, ka juya bayansu. Ƙwan bai kai rabin milimita ba, doguwar siffa gare shi kaɗan, fari-fari mai ruwan madara, in ya kusa ƙyanƙyashewa sai ya koma rawaya ya ɗan yi duhu. Ɗaiɗai take ajiye shi ko biyu uku kusa da juna, bata tara shi tuli guda kamar yadda uwar tsutsar masara take yi, shi yasa yake da wuyar gani. A lokacin zafi kwana 4 zuwa 5 ya fashe.

Tsutsar da ta fito 'yar mitsitsiya ce mai ruwan madara da baƙin kai, kuma bata ɓata lokaci a waje, ɗan yawo kaɗan sai ta huda ta shige tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta fara cin naman da ke tsakiya, ta bar fatar biyu. Toh ka tsinko ganyen da ka ga ya yi wani farin tabo ka ɗaga shi saitin rana. Zaka ga wurin ya zama sharara haske na wucewa, faffaɗa ne marar tsari, kuma a gefe guda na tabon akwai baƙin gari-gari a tare, kashinta kenan, in kuma tana ciki zaka hango inuwarta tana motsi. Ka sa farce ko ƙaya ka yage fatar ka fito da ita tafin hannunka. Sau huɗu take canza girma, daga ruwan madara ta koma kore-kore, in ta kusa gamawa bayanta ya yi ja-ja kamar ruwan hoda, tsawonta a ƙarshe wajen milimita 7 zuwa 8. Ka duba bayan kanta daidai wuya, akwai wani siririn baƙin layi a gicciye, wannan alama ce mai ƙarfi. In ka taɓa ta zata yi ta wutsil-wutsil da baya, wani lokaci ma ta saki kanta ƙasa tana lilo da zare.

Ba ganye kaɗai take tsayawa ba. Tana shiga kan toho ta kashe shi, sai ka ga shuka ta tsaya cak ta ƙi tsawo, tana shiga kara, tana shiga fure, tana shiga 'ya'yan tun suna kore. A jikin tumatir ka ɗaga hular nan mai yatsu biyar da ke wajen mariƙi, a ƙarƙashinta tafi son shiga, zaka ga ƙaramar huda kamar ta allura da baƙin kashi a bakin. Waje lafiya lau, ciki hanya, sai ruɓa ta biyo ta hudar, kwandon da ka ɗora a kasuwar Kwanar Gafan ta Kano yana kyau kafin ya isa kasuwar Mile 12 a Legas ya zama ruwa.

Bayan kamar sati biyu tana ci sai ta daina, ta sauka ƙasa ko ta naɗe cikin busasshen ganye, ta saƙa 'yar farar riga ta kwanta a ciki, da farko kore daga baya ta koma ruwan ƙasa mai duhu. Sati ɗaya zuwa kwana 10 sabuwar uwa ta fito. Ka riƙe wannan da kyau, wadda take cikin ƙasa feshin da kake yi a ganye baya taɓa ta, shi yasa mutum zai yi feshi yau ya ga kamar an samu sauƙi, bayan sati ya ga sun dawo ya ce maganin jabu ne, alhali wani lokacin ba laifin maganin bane.

Zafi ne yake tuƙa ta. An auna cewa a sanyin digiri 14 tana ɗaukar kusan kwana 76 daga ƙwai zuwa uwa, a digiri 20 kusan kwana 40, a digiri 27 kuwa kwana 24 kacal. Kaga dalilin da yasa a Disamba da Janairu lokacin hunturu ake ganin kamar babu ita, da zafi ya fara shigowa ƙarshen Fabrairu zuwa Maris da Afrilu sai ta fashe gaba ɗaya. Tana nan tun cikin sanyin, a hankali take tafiya kawai. In abinci bai yanke mata ba tana iya yin zuriya 10 zuwa 12 a shekara ɗaya.

Mataki na huɗu: kar ka haɗa ta da wasu

Akwai wani ƙaramin ƙuda, Liriomyza, shima tsutsarsa cikin ganye take shiga, amma nata zanen siriri ne fari mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar an ja layi da biro, kuma bata shiga 'ya'ya. Na Sharon faffaɗa ne. Sai babbar tsutsar nan Helicoverpa mai huda tumatir ta zura kai ciki rabin jikinta a waje, ita tana kai santimita 3 zuwa 4 kuma raminta babba ne, ba a ma kwatanta su. Ciwon ƙunar ganye kuma tabonsa babu kashi a ciki babu tsutsa, in ka ɗaga a rana ba sharara yake ba. Wadda take da wuyar bambancewa ita ce 'yar uwarta ta dankali, ta ɗan fi ta girma kaɗan amma kamar ta yi yawa, su kansu masana sai sun duba al'aurar namijin a madubin ɗakin bincike suke yanke hukunci. In gonarka tana kusa da masu dankalin turawa kuma kana shakka, ka zuba tsutsa biyar shida a 'yar kwalba da sifirit, uwar kuma ka naɗe ta a busasshiyar takarda kar ka jiƙa ta, ka rubuta rana da sunan gari ka kai wa malamin gona, a Kano akwai hukumar aikin gona ta KNARDA, a Zariya akwai cibiyoyin binciken noma na IAR da NAERLS a Samaru, a Nijar akwai cibiyar binciken noma ta INRAN.

Mataki na biyar: daga ina ta zo, ina ta kai

Asalinta Kudancin Amurka ne, yankin Peru, daga nan ta bazu Chile da Ajantina da Brazil da maƙwabtansu, ta yi shekaru da yawa a can bata fita ba. A 2006 aka fara ganinta a gabashin Sifen, kuma daga nan gudun da ta yi ba kaɗan bane, 2008 tana Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ta zagaye bakin tekun Bahar Rum ta shiga Masar da ƙasashen Larabawa, ta gangaro Sudan, Senegal a 2012, Nijar a 2013, Kenya da Tanzaniya da Indiya a 2014, Afirka ta Kudu a 2016, ta shiga yammacin Sin a 2017. Najeriya kuwa a 2015 aka tabbatar da ita, a 2016 ta yi ɓarnar da har yau ake labari, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar, kwamishinan gona na jihar ya ce manoma 200 sun yi asarar aƙalla naira biliyan ɗaya cikin wata guda, kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa da bai daɗe da buɗewa ba ya tsaya saboda babu kayan da zai niƙa, a Legas mata suka koma tumatirin gwangwani. Ta sake tasowa da ƙarfi a Kano a 2023.

Ba da fiffikenta kaɗai ta yi wannan tafiyar ba, mu muka ɗauke ta. Tana bin iri da ake sayowa daga wata gona, tana bin tumatir da ke cikin mota, tana bin kwandon da ya je kudu ya dawo da busasshen ganye da ruɓaɓɓen tumatir a maƙale a saƙarsa. Iska ma tana taimaka mata daga gona zuwa gona. Kuma in babu tumatir bata mutuwa, tana komawa ganyen dankalin turawa da gauta da yalo da taba, da ciyayin dangi irin su gautan kaji da zaƙami waɗanda suke cike da bakin kanal da gefen fadama babu mai kula su.

Mataki na shida: ka kafa tarko tun kafin dashe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tarkon da yafi aiki shine mai ƙamshin mace, wata 'yar roba ce ƙarama da aka jiƙa da sinadarin da macen take fitarwa don kiran namiji, ana samunta a shagunan kayan gona na gaske. Zaka iya sayen tarko mai siffar ɗan ɗaki da takarda mai danƙo a ciki, ko ka haɗa naka, ka samu faffaɗar roba ko daro ka zuba ruwa ya kusa cika, ka ɗiga ɗan omo ko ɗan mai don kar wanda ya faɗa ya iya tashi, ka gicciya waya ko kara a saman robar ka rataye 'yar robar ƙamshin a tsakiya, ta yi kusa da ruwan amma kar ta taɓa shi. Kar ka riƙe ta da hannu tsirara, ka sa leda, kuma waɗanda baka buɗe ba ka ajiye su wuri mai sanyi. Ka ɗora tarkon a kan bulo ko tudun ƙasa ya ɗan ɗaga daga ƙasa kamar kamu ɗaya ko biyu. A zafin Maris ruwa yana ƙafewa da wuri, sai kana ƙarawa, ƙamshin kuma ana canza shi duk sati 4 zuwa 6.

In don sa ido ne kawai, tarko 2 zuwa 4 sun isa hekta ɗaya, kuma ka kafa su kamar sati biyu kafin ka yi dashe don ka san ko tana jiranka a wurin. In kuma so kake ka rage yawansu sai ka kai 20 zuwa 40 a hekta. Ka ware rana ɗaya a sati ka ƙirga abin da ya faɗa ka rubuta a littafi ko a waya sannan ka kwashe su. Ma'aunin da manoman Sifen suke bi shine ƙasa da 3 a tarko a sati haɗari kaɗan ne, 3 zuwa 30 matsakaici, in ya haura 30 toh ka tashi tsaye. Ni a ganina lambar ita kanta bata kai yadda take hawa muhimmanci ba, in satin jiya ka ga 5 yau ka ga 20 kar ka jira sai ta kai 30.

Abu ɗaya da dole in faɗa, maza kaɗai tarkon nan yake kamawa, macen da ta riga ta yi barbara a gonar maƙwabcinka zata shigo ta zuba ƙwanta lafiya lau. Saboda haka tarko na sa ido ne da rage yawansu, ba shine ƙarshen magana ba. Wasu suna haɗawa da fitila mai caji ko mai sola a saman robar ruwa da dare, ita tana kama har mata, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ma ta fitar da irin wannan tarkon mai fitila, sai dai fitila bata zaɓe, har ƙwarin da suke taimakonka tana kashewa.

Mataki na bakwai: bedi da dashe

Da yawa daga bedi suke ɗauko ta da hannunsu. Ka yi bedinka nesa da tsohuwar gonar tumatir, ka rufe shi da raga mai ƙananan ido wadda bata da ɓula, ka danne gefenta da ƙasa. Ranar cira ka duba irin, duk wanda ka ga farin tabo a ganyensa ka cire ganyen ko ka yar da shi gaba ɗaya. In sayen iri kake yi ka je da kanka ka ga bedin, dan Allah kar ka aika yaro. Kuma wanda ya yi dashe da wuri ya samu ya kwashe mafi yawan kayansa kafin zafi ya kankama yafi wanda ya makara samun sauƙi, duk da na san masu makarar farashin ƙarshen kaka suke hari, toh sai dai mutum ya san cewa da ita zai haɗu.

Mataki na takwas: hannu kafin magani, sannan maganin da tsari

Sau biyu a sati ka zaga, kar ka tsaya bakin gona, ka ratsa ciki ka zaɓi shuka nan da can kamar 20 ka duba samansu. Tun abin yana kaɗan ka tsinke ganyen da ke da tabo da tumatirin da ya huje, amma kar ka zubar a bakin fangali kamar yadda aka saba, tsutsar zata fito ta shige ƙasa ta gama girmanta. Ka zuba a baƙar leda ka ɗaure ka bar ta a rana ta dafe, ko ka haƙa rami mai zurfi ka binne. Ka tuge gautan kaji da zaƙamin da ke kewaye.

In ka zo feshi, magungunan nan da muka saba da su na wake irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin yawanci basa yi mata komai don ta riga ta saba da su tun kafin ta iso mu, kuma suna kashe ƙwarin da suke cin ƙwanta, irin wani ɗan siririn koren ƙwaro Nesidiocoris da ƙananan zanzaro da ido baya gani sosai, sai ka ga bayan feshin ta ƙaru. Waɗanda aka san suna aiki sun haɗa da masu ɗauke da spinosad, emamectin benzoate, indoxacarb, chlorantraniliprole, da kuma na ƙwayar halitta Bacillus thuringiensis wanda yafi kama ƙananan tsutsa. Kar ka bi sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ka karanta ƙananan rubutun da ke faɗin sinadarin da ke ciki, don kwalba uku masu suna daban-daban zasu iya zama abu ɗaya.

Ƙa'idar ita ce ka riƙe dangin magani ɗaya na kimanin kwana 30, wato tsawon zuriya ɗaya, sannan ka koma wani dangin daban. A Italiya da Girka da Brazil an ga yadda ta daina jin chlorantraniliprole saboda an dage a kansa shi kaɗai, kuma mu ma in muka ci gaba da yadda muke yi can muka nufa. Kar ka ƙara awo a kan abin da aka rubuta, kar ka haɗa kala huɗu a tanki ɗaya, kuma fiya-fiya ba na abinci bane ko kusa. Ka yi feshi da yamma lis, lokacin uwar take fitowa kuma rana bata ƙona maganin, ka juya bakin famfon ya jiƙa bayan ganye da kan toho. Ka rufe hanci da jiki, ka kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin ɗiba don mutane ne zasu ci.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ko yake son ya sa wani abu tsakanin feshi da feshi, 'ya'yan darbejiya suna taimakawa in abin bai yi nisa ba. Ka ɓare busassu ka daka kamar rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da ƙyalle mai kyau don kar ya toshe maka famfo, ka sa ɗan sabulu kaɗan ka fesa a ranar. Baya kashewa nan take, hana ta ci da girma yake yi, kuma sai ana maimaitawa duk sati.

Mataki na tara: bayan ɗiban ƙarshe

Nan ne kusan kowa yake sakaci, da farashi ya faɗi ko gona ta ƙare sai a juya baya a bar karan a tsaye, ya zama gidan haihuwarta har ta ƙoshi ta tsallaka gonar wanda ya yi dashen baya. Ka tuge komai cikin 'yan kwanaki, ka tara ka ƙona ko ka binne, ka yi huɗa ka juya ƙasar don waɗanda suke kwance a ciki rana ta buge su, in kana da ruwa ka cika fangalin ya kwanta. Ka bar aƙalla sati 6 kafin wani tumatir ko gauta ko dankalin turawa ya sake shiga wurin, in da hali ka sa albasa ko masara ko shinkafa ko alkama a zagaye na gaba. Kwandunan da suka dawo daga kasuwa ka kakkaɓe su nesa da gona ka shanya a rana kafin su shigo. Ka yi magana da maƙwabtanka na layin ruwa ɗaya ko ta hannun sarkin noma ko ƙungiyarku a sa rana guda ta share gonaki, don in mutum ɗaya ya bar nasa a tsaye ya ishi kowa. Tarkon kuma kar ka cire shi da an gama ɗiba, ka bar guda ɗaya ko biyu ka ci gaba da ƙirge har lokacin da zaka yafa sabon iri.